AGOGON KIƊA DA KUNNEN MAKAƊI: NAZARI A KAN DAIDAITA BUGU GA MAI KOYON JITA

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wata 'yar na'ura da Turawa ke kira metironom, wadda a nan za a riƙa kiran ta agogon kiɗa, tare da bayyana yadda mai koyon kaɗa jita zai yi amfani da ita don daidaita bugunsa. Mai karatu yana iya tambaya, shin me ya haɗa Sashen Hausa da jita, balle wata na'ura da aka ƙera a Turai fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce? Dalilai biyu ne. Na farko, jita ta daɗe da sauka a ƙasar Hausa. Bala Miller, ɗan asalin Zariya, ya yi waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani a shekarun 1970 da 1980, a Yamai kuwa ƙungiyar Tal National tana rera wasu waƙoƙinta da Hausa, jita ce kuma ke jan ragamar kiɗanta. Na biyu, matsalar da wannan na'ura ta zo warwarewa, wato ƙidayar lokaci a cikin sauti, ita ce dai matsalar da ɗalibin aruli ke fama da ita duk sa'ad da ya zauna yanka baiti ƙafa-ƙafa. An ɗauki yankin Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, a matsayin wurin kafa misali, saboda abin da za a gani a gaba.

Yadda Bahaushe ke koyon bugu

Abin da ake nufi da bugu a nan shi ne wannan taku da ke gudana a ƙarƙashin kiɗa, wanda mai sauraro ke bi da kaɗa kai ko buga ƙafa, ko da kuwa babu wani makaɗi da ke fito da shi ƙarara. A shekarar 1952 wani masani Ba'amurke, Richard Waterman, ya bayyana cewa kiɗan Afirka ya dogara ne ga wani agogo da makaɗi da mai sauraro ke riƙe da shi a zuci, har ya ari sunan metironom ya laƙaba wa wannan hali. Wasu sun ɗauki maganar tamkar an ce abin a jini yake. Wannan fahimta kuwa tana da rauni, domin duk wanda ya lura da yadda yaro ke tashi a karkarar Hausa zai ga koyo ne, kuma koyo mai tsawo.

Sabuwa ƙasar noma ce, tana maƙwabtaka da Faskari da Dandume, ta kuma yi iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. A irin wannan ƙasa, yaro yana goye a bayan uwarsa yake fara jin lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a gurbinta. Wadda ta saki lokacinta, taɓaryarta ta ci karo da ta 'yar'uwarta, hukuncin kuskure ke nan nan take. Ya girma ya ji waƙar daɓe, ya ji tafin 'yammata a dandali, ya ga manoma a wurin gayya suna ɗaga fartanya bisa amon gangar noma. Kafin ya taɓa wani kayan kiɗa, an riga an gina masa kunne.

Idan kuma ya shiga sana'ar, ba a miƙa masa babban abin kiɗa da fari. A rukunin masu kalangu, kuntuku ake ba yaro, a na masu ganga kuwa kazagi, aikinsa ya maimaita ɗan gajeren kiɗa guda ba ƙari ba ragi, tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, domin manya su sami inda za su taka su yi adon kiɗa. Har Hausa ta ari wannan hoto, ta ce da mai goyon bayan duk abin da maigidansa ya faɗa ɗan kazagi. Kalmar ta zama ta reni a bakin jama'a, alhali a fagen kiɗa kazagi ne ginshiƙi, in ya karkace kowa ya karkace. Haka abin yake ga kayan tsirkiya, waɗanda su ne dangin jita na kusa. Mai goge da mai kukuma suna tafe da mai ƙwarya, mai garaya kuwa da mai kaɗa buta. A wannan yanki na Funtuwa ma akwai misalai biyu da ba su ɓuya ga kowa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zama a Funtuwa, ya rasu a 1999, yakan saki murya ta yi gaba ko ta ja baya yadda ya so, ya jefa magana a tsakiyar ɗan waƙa, ya dawo ya tarar da 'yan amshi daidai kan gaɓa, saboda makaɗansa ba su gusa ba. Hajiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, a kan ƙoren amada ta gina dukan waƙoƙinta.

To, mai koyon jita a Sabuwa ko Damari ko Dugun Mu'azu a yau bai bi ta wannan hanya ba. Galibi ɗan haye ne, bai gaji kiɗa ba, ba shi da ubangida, ba shi da mai ƙwarya. Malaminsa hoton bidiyo ne a cikin wayar hannu, ɗakin karatunsa kuwa zaure ko shago bayan an tashi. Injin niƙa ya rage lugude, siminti ya kori daɓe, rashin tsaron da ya addabi yankin kuma ya taƙaita taron dare. Saboda haka yatsunsa na iya koyon inda za su danna, amma babu wanda zai harare shi idan ya yi gaggawa. Wannan gurbi na ɗan kazagi shi ne agogon kiɗa ke iya cikewa, ko da ba duka ba.

Asalin na'urar da yadda take aiki

A shekarar 1696 wani Bafaranshe mai suna Étienne Loulié ya bayyana wani ma'auni na zare da ɗan nauyi a ƙarshensa, mai lilo, wanda ake kallo don sanin saurin kiɗa. Ba ya ƙara, sai dai ido ya bi shi. Na'urar da aka sani yau wani maƙeri ne a birnin Amstadam na ƙasar Holan, Dietrich Winkel, ya fito da dabararta wajen 1814, sai wani Bajamushe, Johann Maelzel, ya ga aikin, ya ƙara masa ma'aunin lambobi, ya yi rajistarsa da sunansa a 1815. Sunan Maelzel ne ya bi duniya, na maƙerin ya kwanta. A 1817 Beethoven ya buga lambobin saurin da yake so a bi wajen kaɗa manyan kiɗe-kiɗensa guda takwas da ya riga ya tsara.

Siffarta ta asali akwati ne na katako mai tsinin kai. A gabansa akwai wani siririn ƙarfe tsaye mai lilo dama da hagu, kowane lilo da ƙara guda, kamar ta agogon bango. A jikin ƙarfen akwai ɗan nauyi da ake zamewa. In an ɗaga shi sama lilon ya yi nawa, in an sauke shi ƙasa ya yi sauri. A yawancin waɗanda aka sani yau, lambobin sukan faro daga 40 zuwa 208, kowace lamba kuwa tana nufin yawan bugu a minti guda. Wato 60 na nufin bugu ɗaya kowace daƙiƙa, 120 kuwa bugu biyu. Ana ɗaura mata wani nannaɗaɗɗen ƙarfe kamar agogon da, kuma dole a ajiye ta a wuri mai daidaito, in ba haka ba sai ta riƙa ɗingishi, bugu ɗaya dogo ɗaya gajere. Daga baya an yi masu aiki da batir, yanzu kuma akwai ta a matsayin manhaja a wayar hannu, wadda in an sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara bukatar intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka ga yadda aka rufe layukan waya a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomi a watan Satumba na 2021.

Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya komawa ga dabarar Loulié. Zare mai tsawon mita ɗaya, in aka ɗaura masa ɗan dutse ko noti aka rataye, yana lilo daga gefe zuwa gefe kusan sau 60 a minti. In aka rage shi zuwa santimita 56 zai ba da kusan 80, santimita 25 kuwa 120. Nauyin dutsen bai canza lissafin, tsawon zaren ne kawai ke yi. Agogon bango mai batir ma, wanda ke ƙara kowace daƙiƙa, agogon kiɗa ne da aka tsayar a kan 60.

Gaɓar Hausa a matsayin ma'auni

A nan ne ɗalibin Hausa ya fi kowa riba. Tun 1949 Joseph Greenberg ya nuna cewa karin rubutacciyar waƙar Hausa ya ginu ne a kan tsawon gaɓa, Farfesa M. K. M. Galadanci kuma ya faɗaɗa bayanin dangantakarsa da arulin Larabci a 1975. Gaɓar Hausa iri biyu ce wajen awo. Akwai gajeruwa, mai baƙi da gajeren wasali, akwai kuma doguwa, mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda baƙi ya rufe. A wurin rerawa, doguwa ɗaya kan ci lokacin gajeru biyu. Ma'ana, harshen da kansa yana ɗauke da ma'aunin lokaci, abin da littattafan koyon jita na Turai ke wahalar ƙirƙiro wa ɗalibansu da wasu sautuka marasa ma'ana.

A duba ƙidaya. Kalmomin ɗaya, biyu, uku, huɗu, kowace gaɓa biyu ce, kuma duka gajeru ne. Idan mai koyo ya sa agogo a kan 60, ya furta farkon kowace kalma daidai da ƙarar agogo, to ya raba kowane bugu gida biyu daidai wa daida ba tare da wani lissafi ba: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu. Hannun dama ya sauka a gaɓar farko, ya hau a ta biyu. In ana son raba bugu gida huɗu, kalmar maza-maza ta wadatar, domin gajerun gaɓoɓi huɗu ce cif. Amma a lura, ƙidayar ba ta zarcewa haka. Biyar da bakwai da takwas kowace gajeruwa ce da doguwa, awo uku ke nan, goma kuwa doguwa ce da gajeruwa. Wanda ya ƙirga har takwas yana zaton kalmomin tsawonsu ɗaya, bakinsa ne zai karkatar da hannunsa. Gara ya tsaya a huɗu ya koma farko.

Rabo uku ya fi muhimmanci, domin kiɗe-kiɗen Hausa da dama a kansa suke tafiya, kuma shi ne wanda darussan bidiyo na ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba. Ana samun sa ta ƙara harafin da bayan kowace lamba: ɗa-ya-da, bi-yu-da, u-ku-da, hu-ɗu-da. Gaɓoɓi goma sha biyu ke nan, duka gajeru, agogo na bugawa a ta 1 da ta 4 da ta 7 da ta 10. Idan wannan ya zauna, sai a gwada sannu-sannu, wadda ke ba da doguwa da gajeruwa a kowane bugu, sa'an nan takwas-takwas, wadda ke juya tsarin.

Daga nan sai babban darasi. Agogo na ci gaba da bugunsa huɗu, baki na ci gaba da gaɓoɓinsa goma sha biyu, amma hannu ya kaɗa tsirkiya a kan gaɓa ɗaya ya tsallake ɗaya, wato ta 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Hannu ya yi shida ke nan a lokacin da agogo ya yi huɗu, kuma ba za su haɗu ba sai a wuri biyu, farkon ɗaya da farkon uku. Wannan saɓani na uku a kan biyu yana daga cikin abubuwan da ke sa kiɗan Afirka ta Yamma ya motsa jiki. Yaron da ya tashi da kuntuku a wuya yana yin sa bai san yana da lissafi ba. Mai koyo shi kaɗai kuwa, da zarar ya gwada, sai hannunsa ya gudu ya bi agogo, ko kunnensa ya saki agogo ya bi hannu. Yakan ɗauki makonni, kuma ba a samun sa sai an faro da tafi, jita na jingine a bango.

Zama da jita

Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, garaya biyu, molo uku, jita kuwa shida. Wahalar mai koyo ta fi yawa a hannun hagu, wanda ke danne tsirkiyoyi da dama a lokaci guda don fitar da haɗaɗɗen sauti, abin da za a kira kamu. Sauyawa daga wani kamu zuwa wani na cin lokaci, sai hannun dama ya tsaya jira, mai koyo kuwa ba ya jin wannan tsayawa ko kaɗan, domin hankalinsa na kan yatsu. A inda ya iya sai ya ruga, a inda ya gaza sai ya ja. Ga misali da lissafi. Waƙar da ke da bugu 400, in an kaɗa ta a kan 100, minti huɗu za ta ci. In makaɗi ya zame zuwa 110 bai sani ba, za ta ƙare a minti uku da daƙiƙa 38. Daƙiƙa 22 ɗin nan daga numfashin mawaƙi aka yanke su, kuma dogayen gaɓoɓi ne ke fara shan wahala. A harshen da tsawon wasali ke bambanta fari na launi da fari mai cin amfanin gona, wannan ya wuce batun daɗin ji, ya taɓa ma'ana.

Hanyar gyara ita ce a fara da hannun dama kaɗai. A ɗora tafin hagu a kan tsirkiyoyi don su yi shiru, a sa agogo a kan 60, a riƙa sauka da hawa har sai hannu ya zama kamar lilon agogon. Akwai alama guda da ke nuna an dace. Idan kaɗawa ta faɗi daidai kan bugu, ƙarar agogo takan ɓace a cikin ƙarar tsirkiya, har mutum ya zaci na'urar ta tsaya. Muddin ana jin ƙara biyu a jere, to ɗaya ta riga ɗaya, sai a saurara a gane wace ce gaba. Yawancin masu koyo su ne ke riga agogo.

Bayan haka a ɗauki kamu biyu kacal, kowane bugu huɗu, da sharaɗin hannun dama ba zai tsaya ba ko da na hagu bai iso ba. Sauti zai fita a gurɓace da fari, wannan ba laifi. Gurɓataccen sauti a kan lokaci ya fi tsabtatacce a makare, domin 'yan amshi na iya shiga a kan na farko, ba sa iya shiga a kan na biyu. In sauyin ya ƙi, a rage lamba har zuwa inda za a yi shi sau goma a jere ba tuntuɓe. Nan ne matsayin mutum na gaskiya, ko da kuwa 50 ne. Daga nan a riƙa ƙara uku ko huɗu, in an yi tuntuɓe a koma baya. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa. Minti goma sha biyar kullum ya fi sa'a uku ranar Juma'a kaɗai amfani. Abin mamaki kuma, nawa ta fi sauri wuya. A kan 40, tsakanin bugu da bugu daƙiƙa ɗaya da rabi ne, fili ne mai faɗi wanda babu abin da zai riƙe mutum a cikinsa sai ƙidayar zuci.

Wannan ne ma ya sa mataki na gaba shi ne janye agogon da kaɗan-kaɗan. Wanda ke kaɗawa a kan 80 ya mayar da agogo 40, ya zamana yana jin ƙara a ɗaya da uku kawai, biyu da huɗu kuwa shi zai riƙe su. Sa'an nan ya juya, ya ɗauki ƙarar a matsayin biyu da huɗu. Wasu manhajojin suna iya yin shiru na ɗan lokaci su dawo, a ga ko mai kiɗa na nan inda aka bar shi. Ɗaukar sautin kai a waya a saurara daga baya yana tona abin da kunne ya ɓoye lokacin da hannu ke aiki. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa, ba mai ƙwarya ba 'yan amshi, ya yi muryar miji ya yi ta mata a waƙa guda, kiɗan bai tangaɗa ba. Irin wannan riƙo ake nema, kuma ba a kai gare shi muddin na'ura ce ke ɗauke da nauyin kowane bugu.

Inda agogo ya gaza

Tun a Turai ma ba kowa ya yarda da na'urar ba. Brahms da Wagner duk sun nuna rashin gamsuwa da ɗaure kiɗa ga lamba. A ƙasar Hausa ƙorafin ya fi ƙarfi. Kiɗan dambe da na kokawa da na noma sukan ƙara zafi da gangan yayin da fage ya ɗauki wuta, makaɗi na kallon ɗan wasa yana zuga shi. Kirari da wasu buɗaɗɗun waƙoƙin fada ba su da tsayayyen bugu, numfashin mai yi suke bi. Kalangu kuma magana yake yi, yana bin hawa da saukar murya, wani lokaci yakan jinkirta don ya cika zance. Agogo bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Akwai bambanci tsakanin makaɗin da ya ƙara sauri don ya ga dama da wanda sauri ya kwashe shi, aikin agogo shi ne ya fitar da mutum daga sahu na biyu, daga nan ba shi da sauran abin koyarwa.

Akwai kuma abin tsoro da ya riga ya bayyana. Tun daga shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Kano suka koma kan fiyano, daga baya kuma kwamfuta, kusan duk waƙar sitidiyo a kan agogon na'ura ake ɗora ta. An sami daidaito, amma kunne ya saba da bugun da ba ya numfashi, har matashi kan ji faifan Shata ko na Garba Supa ya ga kamar akwai kuskure a inda gwaninta take. Mai koyon jita da ya tsaya ga agogo kaɗai wannan kunne zai gada.

Saboda haka ya kamata zama da agogo ya tafi tare da wani zama. Mai koyo ya ɗauki tsohon faifai na kalangu ko kukuma, ya nemi bugunsa da tafi, ya gwada gano lambarsa a farkon waƙa da kuma ƙarshenta, ya lura da inda ta motsa da abin da mawaƙi ke faɗi a wurin. Sa'an nan ya nemi abokin zama, ko da ƙanensa ne da ƙwarya a kife da 'yan sanduna biyu. A irin wannan zama a fara da agogo a tsakiya har minti biyu ko uku, sai a kashe shi su ci gaba su biyu, bayan an ƙare waƙa a kunna a ji nisan da suka yi daga lambar farko, da kuma ko tare suka yi nisan ko kowa ya kama gabansa.